Garin Ƙarfe Da Maganaɗisu: Fasahar Da Ke Tona Asirin Tsagar Da Ido Ba Ya Gani

Da wuya a samu yaron da ya taso a Daura bai yi wasan nan ba. A samo tsohuwar sifikar rediyo, a ɓalle mayen ƙarfen da ke bayanta, a ɗaura masa zare a riƙa jan sa cikin yashi. Kafin a kai ƙarshen lungu ya yi gashi, wani baƙin gari ya manne masa. Wanda ya lura da kyau zai tuna cewa garin ba ya bazuwa daidai a jikin mayen, ya fi cunkushewa a bakinsa da gefunansa, idan kuma mayen ya taɓa faɗuwa ya tsage to a kan tsagar garin ke yin layi.

Da wannan ɗabi'a ta garin ƙarfe ake duba gatarin jirgin ƙasa, da ƙafar saukar jirgin sama, da ƙugiyar injin ɗaga kaya, da waldar manyan tankuna. Ana kiran aikin gwajin garin maganaɗisu, a takardun ma'aikata kuma za a ga an taƙaita shi da haruffan MPI ko MT. Yana cikin dangin gwaje-gwajen da ake yi wa ƙarfe ba tare da an yanka shi ko an lalata shi ba.

Me ya haɗa Daura da wannan magana?

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil. An tsara layin ya bi ta Dambatta da Kazaure ya shigo Daura, sannan ya wuce Mashi da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar. Kafin nan, a Disambar 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC ya gina, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a shekarar. Yawancin hirar da matasa ke yi a kan layin dogon ba ta wuce inda tasha za ta kasance da nawa tikiti zai kai. Ba a cika tambayar wa zai riƙa duba ƙarafan da za su ɗauki nauyin jirgin ba, alhali a nan ran fasinja yake.

Ga ɗan lissafi. Faɗin ƙafar tarago ta yau da kullum ya kai kusan santimita 92, wato duk juyi ɗaya tana cin ƙasa da mita 3 kaɗan. Daga Kano zuwa Maraɗi za ta juya kusan sau 98,000. Ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu, wanda makanikai ke kira gatari, yana juyawa tare da su, nauyin tarago kuma yana ɗan lanƙwasa shi. Gefen da ake ja a wannan rabin juyi shi ake matsewa a rabi na gaba. Zuwa goma kacal, an lanƙwasa gatarin nan an miƙe shi kusan sau miliyan ɗaya.

Kowa ya san yadda ake karya waya idan babu filaya: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta katse. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Babban ƙarfe ma haka yake gajiya, sai dai shi yana ɗaukar watanni ko shekaru. Abin yana farawa ne da 'yar tsaga wadda ba ta kai kaurin gashi ba, kuma kusan kullum daga fatar ƙarfen take farawa, a inda tsatsa ta ci rami, ko inda aka taɓa dukansa da guduma, ko a kusurwar da kauri ya sauya. Tana ƙara shiga ciki a hankali, ƙarfen yana aiki lafiya lau, har ranar da sauran naman da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi. Ranar nan ba ya lanƙwashewa ya ba da sanarwa, ɓallewa yake yi lokaci guda.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A ranar 8 ga Mayun 1842 gatarin kan jirgin da ya taso daga Basai zuwa Faris a ƙasar Faransa ya karye, taragai suka hau kan juna wuta ta tashi, mutum sama da 50 suka mutu. Irin wannan karyewa ce ta sa wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru daga wajajen 1850 zuwa 1870 yana juya ƙarafa a kan inji yana ƙirga juyi nawa suke yi kafin su karye. Kuma kada a ɗauka tsohon labari ne. A ranar 29 ga Yunin 2009, a garin Viareggio na Italiya, gatarin wani tarago mai ɗauke da iskar gas ya karye saboda tsagar gajiya, gas ɗin ya malala cikin unguwa ya kama da wuta, mutum 32 suka rasa rayukansu.

Yadda tsaga ke fallasa kanta

Idan aka ɗora maganaɗisu a jikin ƙarfe, ƙarfinsa yana ratsa cikin ƙarfen daga wannan baki zuwa wancan. Ana kwatanta shi da layuka, duk da cewa ba a ganinsu. Waɗannan layuka sun fi son bin cikin ƙarfe nesa ba kusa ba a kan bin iska, kamar yadda ruwan ban-ruwa ke bin kwalbati muddin babu abin da ya tare shi. To tsaga, komai ƙanƙantarta, iska ce a cikinta. Da layukan sun iso wurin, wasu su kewaye ta ƙasa, wasu kuma ƙarfen ya yi musu kaɗan sai su yi tsalle su fito waje, su tsallake tsagar ta sama, su sake nutsewa a ɗaya gefen. Leɓɓan tsagar biyu sun zama ɗan ƙaramin mayen ƙarfe ke nan, ɗaya arewa ɗaya kudu.

Sai a watsa garin ƙarfe mai laushi sosai. Garin da ya faɗa a lafiyayyen wuri babu abin da ke riƙe shi, ana hura shi zai tafi. Wanda ya faɗa kusa da tsagar kuwa sai ya taru ya yi gada a kanta. Sirrin aikin shi ne layin da garin ya yi ya fi tsagar kanta faɗi sau da yawa, shi ya sa abin da ido ba ya gani ɗazu yanzu ya fito ɓaro-ɓaro kamar an ja shi da biro.

Akwai wani sharaɗi da ke kayar da sababbin ma'aikata. Dole layukan maganaɗisun su ratsa tsagar a gicciye. Idan tsagar ta kwanta a kan hanyar da layukan ke bi, za su wuce ta gefenta salin alin, babu abin da zai fito waje, garin ba zai taru ba, mai dubawa ya ce ƙarfe lafiya. Tsagar da ta yi kusurwar digiri 90 da layukan ita ta fi fitowa, daga digiri 45 zuwa ƙasa kuma alamar tana dusashewa har ta ɓace. Saboda haka ƙa'ida ce a duba kowane wuri sau biyu, a juya na'urar a karo na biyu ta gicciya inda take da farko. Wanda ya duba sau ɗaya ya sa hannu a takarda, rabin aiki ya yi.

Tarihin gano dabarar ma ya yi kama da wasan yaran nan. A 1868 wani Bature ɗan Ingila, S. M. Saxby, ya riƙa bin jikin bututun bindigogi da kamfas yana lura da inda allurar ke karkacewa. A farkon shekarun 1920 kuma wani Ba'amurke, William Hoke, ya lura cewa idan ana gurzar ƙarfen da aka riƙe da faifan maganaɗisu, ƙurar da ke fita tana jeruwa a kan tsagogin da ke jikinsa. Alfred de Forest da F. B. Doane su suka mayar da abin sana'a, suka kafa kamfanin Magnaflux a 1934, wanda har yau yake sayar da kayan wannan aiki.

Kayan aikin da yadda ake yi

Na'urar da aka fi yawo da ita ba ta wuce a riƙe da hannu ɗaya ba. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu da aka naɗe wa wayar lantarki a tsakiya, da maɓalli a wurin riƙo. Ana ce mata yok, kalmar da ke nufin karkiya, don ta yi kama da wadda ake ɗora wa shanun huɗa. A kafa ƙafafun biyu a jikin ƙarfen, a danna, wurin da ke tsakaninsu ya cika da maganaɗisu. A manyan ma'aikatu akwai benci na musamman inda ake matse ƙarfen tsakanin kawuna biyu a tura wuta mai yawa ta cikinsa, ko a zura shi cikin zoben waya.

Duk mai amfani da sola ya san bambancin wutar AC da DC, kuma bambancin yana da tasiri a nan. Wutar AC, irin ta layin gwamnati da ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tana tara maganaɗisun a fatar ƙarfen, tana kuma sa garin ya riƙa rawa yana neman inda zai maƙale. Ita ta fi dacewa da tsagar gajiya. Wutar DC, irin ta batir, ta fi nutsewa, tana iya nuna aibin da ke ɗan ƙarƙashin fata, amma zurfin kaɗan ne ƙwarai. Kafin a fara aiki ana gwada ƙarfin na'urar da wani gwaji mai sauƙi: yok mai AC dole ta ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 4.5, mai DC kuma kilo 18. Wadda ta kasa, a ajiye ta.

Garin kansa iri biyu ne. Akwai busasshe mai launi, ja ko rawaya ko toka, da ake busawa a kan walda mai kaushi ko ƙarfe mai ɗumi. Akwai kuma wanda aka dama cikin ruwa ko mai mara kauri, wanda ƙwayoyinsa suka fi ƙanƙanta, don haka ya fi kama ƙananan tsagogi. A fili da rana, abin da aka saba shi ne a fesa wa wurin farin fenti siriri mai saurin bushewa, sannan a fesa baƙin ruwan, baƙi a kan fari. Idan kuma ana neman matuƙar tabbaci, kamar a kayan jirgin sama, sai a yi amfani da garin da aka rina da sinadari mai ƙyalli, a shiga ɗaki mai duhu a haska fitilar UV, dangin wadda masu POS ke duba kuɗin jabu da ita. Tsagar sai ta fito kore shar tana walƙiya a jikin baƙin ƙarfe. Bidiyoyin wannan sun cika YouTube, kuma sun cancanci datar da za a ƙona a kansu.

Rabin wahalar aikin wanki ne. Dole a cire maiko da tsatsa da tsohon fenti mai kauri, domin fenti yana nisanta garin daga tsagar, maiko kuma yana kama garin a ko'ina ya rikita mai dubawa. Ana fesa garin ne yayin da wuta ke kunne, a ba shi 'yan daƙiƙu ya yi tafiya, a duba, a yi alama, a ɗauki hoto. Ga masu walda akwai ƙarin wani abu: wasu nau'o'in ƙarfe masu tauri ba sa tsagewa lokacin da ake walda, sai bayan sun huce da sa'o'i. Shi ya sa a manyan ayyuka ake jira awa 24 zuwa 48 kafin a duba. Waldar da aka duba da zafinta aka ce ta yi, tana iya wayar gari da tsaga.

Mataki na ƙarshe shi ne zare maganaɗisun da ya rage. Ƙarfen da aka bari da maye zai riƙa jawo ɓarɓashin ƙarfe zuwa cikin boris yana cinye shi, yana karkatar da wutar walda, a jirgin sama kuma yana iya rikita kamfas. Ana cire shi ta hanyar zura ƙarfen cikin zoben AC a janye shi a hankali har ya yi nisa, wuta na kunne. Yawancin ƙa'idoji suna neman abin da ya rage kada ya wuce gaus 3.

Inda ba ya aiki

Sai ƙarfen da maye ke kamawa, wato baƙin ƙarfe da yawancin dangin ƙarfen da ake ƙera gatari da sifirin da noti da shi, da nikel da kobal. Alminiyon, jan ƙarfe, tagulla, da irin farin ƙarfen nan mara tsatsa na cokula da tukwanen zamani, duk gwajin ba ya cin su. Kan injin yawancin motocin yanzu da na babura alminiyon ne, don haka ko an kwana ana fesa gari babu abin da zai fito. Ga irinsu akwai gwajin jan ruwa mai shiga tsaga, wanda asalinsa tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ne da ke jiƙa ƙarfe da mai da kananzir, su goge, su shafa alli su jira man ya ɓullo.

Ba ya faɗin zurfin tsaga, tsawonta da inda ta dosa kawai yake nunawa. Aibin da ke can tsakiyar ƙarfe kuma sai na'urar sauti ko hoton eksire. Sannan ba duk layin da gari ya yi ne tsaga ba. Gindin zaren noti, da ramin da ake sa makulli a jikin shaf, da inda aka haɗa ƙarfe iri biyu, duk suna iya tara gari alhali lafiyarsu ƙalau. Bambance na gaske da na bogi shi ne ainihin ƙwarewar, na'urar kowa ma zai iya danna ta.

Tun kafin jirgi ya iso

Masarautar Daura ba ta rasa ƙarfen da ke gajiya. Manyan motocin da ke lodin shanu a kasuwar Mai'adua su nufi kudu, da masu tsallaka iyaka ta Kongolam, da taraktoci da injinan niƙa da na ban-ruwa a Zango da Ɓaure da Sandamu, kowannensu yana da shaf ko gatari da ke juyawa ƙarƙashin nauyi. A garejin bakin titi kuwa ido da kunne ake dogara da su. Makanike zai rataye karanshaf ya ƙwanƙwasa shi da sifana, idan ya yi ƙara mai tsawo ya ce lafiya, idan ya yi dum ya ce ya fashe, kamar dai yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya. Dabarar gaskiya ce, ma'aikatan jirgin ƙasa ma sun daɗe suna bin ƙafafun taragai da guduma suna saurare. Matsalarta ita ce sai tsaga ta girma kafin ta sauya sautin. Ƙaramar da ke kusurwar da boris ke zama, wadda ita ce za ta karya karanshaf ɗin bayan wata uku, ba ta da murya.

A nan asarar take. Mai mota zai tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo karanshaf na hannu, ya biya a gurje shi, ya sayi sababbin boris da ring da gasket, ya biya kuɗin haɗa inji. Idan da tsaga a jiki tun farko, duk wannan kuɗi ya bi ruwa, wani lokaci har da bulok ɗin injin. Gwajin da zai hana hakan bai wuce aikin mintuna ba. Idan kuma abin da ya tsage ɗin ƙarfen sitiyari ne ko wanda ƙafar gaba ke juyawa a kansa, maganar ta wuce ta kuɗi.

Wayar hannu fa?

Waya ba za ta gano tsaga ba, duk manhajar da ta yi wannan alkawari talla take nema. Amma yawancin wayoyin Android da iPhone suna da ɗan ma'aunin maganaɗisu a ciki, shi ne ke juya kamfas da kibiyar Google Maps. Manhajar Phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi kuma kyauta ce, tana nuna abin da yake karantawa. A fili nesa da ƙarfe, a wannan yanki za a ga maikrotesla 30 da ɗoriya, maganaɗisun duniya ke nan. Gaus 3 ɗin da aka ambata daidai yake da maikrotesla 300. Wato waya za ta iya nuna wa makanike cewa sukudirebansa ko shaf ɗin da ke hannunsa ya ɗauki maye, ko da yake ba za ta maye gurbin ma'aunin da aka tantance ba. A kiyaye kusantar da ita jikin yok mai aiki ko babban maye, don yana rikita kamfas, yana kuma iya taɓa kyamarar da ke da na'urar hana girgiza. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji shi ma ya yi nesa da wurin.

Wanda yake son ya ga abin da idonsa zai iya gwadawa a gida. A samo falalen ƙarfe guda biyu masu bakin da aka goge sumul, a haɗa su baki da baki a matse. A sa maye ɗaya a kowane ƙarshe, ta yadda fuskokin da suka taɓa ƙarfen za su zama masu jan juna. A shimfiɗa farar takarda siririya a kai, a barbaɗa ƙurar da ke taruwa ƙarƙashin injin gurza a shagon mai walda, bayan an tankaɗe ta, sannan a ɗan ƙwanƙwasa. Layi zai fito a kan mahaɗin da takardar ta rufe. Daga nan a cire mayen, a mayar da su gefe da gefe a kan layin mahaɗin, a sake barbaɗawa, za a ga layin ya dusashe ko ya ɓace. Wannan na koyo ne kawai, ba a yanke wa gatarin mota hukunci da shi.

Mai son ya mayar da abin sana'a kuma, hanyar a buɗe take ko ba digiri. Ƙa'idar duniya ta ISO 9712 ta kasa masu wannan aiki mataki uku. Na farko yana yin gwajin bisa rubutaccen umarni, na biyu yana fassara abin da ya fito ya ce a karɓa ko a mayar, na uku shi ke tsara hanyar aikin da kula da sauran. Karatun aji na matakin farko a gwajin garin maganaɗisu kwanaki kaɗan ne, sai a haɗa da lokacin aiki ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawar rubutu da ta hannu, shaidar kuma tana aiki shekara 5 kafin a sabunta. Tana cikin shaidun da kamfanonin mai da gas da na gine-ginen ƙarfe ke tambaya, kuma ɗalibin da ke karatun injiniya a Daura zai yi wa kansa gata idan ya haɗa ta da takardar makaranta. Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata masu kwana kan allon waya su sani tun yanzu: ana gwada ko mutum yana bambance launuka, sannan duk shekara sai ya karanta ƙananan haruffa daga nisan da bai gaza santimita 30 ba, da tabarau ko babu, kafin a bar shi ya ci gaba da sa hannu a takardar gwaji.